Ranar da Narelle Ta Taɓa Tirelolin Yayanta

Narelle Prowse direbar motar 'yan makaranta ce a wani ƙaramin gari mai suna Quorn. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zaga gonakin alkama da garken tumaki da sassafe ta kwaso yara talatin da 'yan kai, da yamma ta sauke kowa a ƙofar gidansu. Gajeriyar mace ce mai jiki, mai faɗa amma ba ta da riƙo. Tana shekara goma sha uku uwarsu ta rasu, ubansu kuwa giya ta riga ta fi ƙarfinsa, don haka yayanta Kelvin, wanda ya girme ta da shekara tara, shi ya riƙe ta. Shi ya koya mata tuƙi, shi ya tsaya mata ranar aurenta. Da mijin ya tafi aikin haƙar ma'adinai can yamma ya ƙi dawowa, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, Tahlia da Bree, Kelvin ne ya zo ya tattara komatsan mijin ya zube a bakin ƙofa.

Shekara ashirin da biyu Kelvin ya yi yana jan tirela tsakanin Adelaide da Darwin. Wata rana ya tsaya shan shayi a hanya, kofin ya suɓuce daga hannunsa, ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, aka karɓe lasin tuƙinsa. Narelle ta gyara masa ɗakin baya. Shekarar farko gidan bai zaunu ba. Mutumin da a da in ya fara ba'a sai cikinka ya ƙulle, yanzu sai ya nemi kalma ɗaya ya rasa, ya huce a kan faranti ko ƙofa.

Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta ba da shawarar wasan kwamfuta na tuƙin tirela, ko zai taimaki hannunsa. Aka sayo sitiyarin roba aka ɗaure a jikin teburin da ke lungun kicin, inda kwamfutar gidan take. Kwamfutar ɗaya ce, amma kowa da asusunsa, da sunansa, da lambar sirrinsa. A asusun Kelvin aka sa wasan. Tun daga ranar fashe-fashe suka ragu. Cikin shekara uku ya tashi daga direban haya ya zama mai kamfani a cikin wasan: tirela goma sha huɗu, kowacce ya shafa mata koren fenti irin na motarsa ta da, kowacce da sunanta.

Matsalar ita ce yaran ma suna so. In suka shiga nasu asusun, wasan ba ya nan. Kelvin kuwa ba ya ba kowa lambarsa. Sau ɗaya ya manta ya tashi bai rufe ba, Bree ta zauna ta jefa masa tirela cikin kwari da kayan shanu. Kwana uku bai kalli inda take ba.

Hutun Janairu, wanda a ƙasarsu shi ne tsakiyar bazara, ya zo da zafin da ko kare ba ya fita. Yara suna gida, daga tashi sai rigima.

“Mama, kwamfutar ta gidan nan ce ko ta Kawu Kel?” in ji Tahlia, mai shekara sha biyar. “Ai ana iya sa wasan kowa ya gani a wajensa. Gidan su ƙawata haka aka yi.”

“Ku tambaye shi mana.”

“Mun tambaya,” in ji Bree. “Ya ce a'a, ya ƙara da wata kalma da kika hana mu faɗa.”

Ran Laraba motar asibiti takan ɗauki Kelvin zuwa Port Augusta motsa jiki, ta dawo da shi ƙarfe huɗu. Narelle ta yi tunanin ta tambaye shi da safe. Sai ta hango yadda zai ɗaure fuska, da yadda za a kwashe rabin awa yana laluben kalmomin ƙi. Ta ce a ranta, in ya dawo ya tarar komai nasa yana nan, kuma yara sun daina damunsa, me zai ce? Ta ba shi hularsa da gorar ruwa, ta ɗaga masa hannu.

Asusunta ne babba, mai ikon sawa da cirewa. Ta karanta bayanin a wayarta sau biyu: a cire wasan daga inda yake, a sake sa shi, a zaɓi “don kowa”. Ta fara wajen sha ɗaya. Ana cikin cirewa wani ɗan akwati ya fito da tambaya, a daidai lokacin Bree ta ƙwala ihu wai Tahlia ta shanye mata madarar sanyi, tukunyar shayi kuma tana kuka a kan wuta. Narelle ta danna ta miƙe.

Ƙarfe ɗaya da rabi aka gama. Tahlia ta shiga asusunta, ga wasan. Bree ta shiga nata, ga shi. Suka yi tsalle suna rungume uwarsu, har Bree ta ce daga yau ita za ta riƙa wanke kwanuka, maganar da ba wanda ya yarda da ita.

Narelle tana yanka tumatir abin ya faɗo mata. Ta ajiye wuƙar.

“Tahlia, lokacin da ake cire wasa, wace tambaya yake yi?”

“Yakan ce, a goge har da abin da aka ajiye, ko a bari. Me kika danna?”

Narelle ta rufe ido tana neman akwatin nan. Ta tuna launinsa, ta tuna maɓallai biyu ne, amma ko na hagu ta taɓa ko na dama, ƙwaƙwalwarta ta ƙi ba ta.

“Mama. Me kika danna?”

“Ban sani ba.”

Suka kalli agogon da ke saman firij. Biyu saura kwata.

Hanya ɗaya ce ta sani: a shiga asusun Kelvin a buɗe wasan. Tahlia ta ja kujera ta gwada ranar haihuwarsa, ta gwada lambar tsohuwar motarsa, ta gwada sunan wani karensa da ya mutu. Kwamfutar ta ƙi.

“Ke kina da iko ki canja masa lambar,” in ji Tahlia. “Minti ɗaya ne. Mu shiga mu duba, in akwai gyara mu yi kafin ya iso.”

Narelle ta buɗe wurin. Ga sunansa, ga maɓallin canjawa. Gumi yana bin bayanta duk da fankar da ke kaɗawa. Ta tuna ita ke yanke masa farce, ita ke buɗe wasiƙunsa, ita ke zama a gaban likita ana magana a kansa yana zaune kamar kujera. A duk faɗin gidan nan, wannan lambar ce kaɗai abin da ya sani wanda ba ta sani ba.

“A'a,” ta ce, ta janye hannunta.

“To sai mu zauna mu jira ya rushe gidan?”

“Sai mu jira.”

Awa biyun nan sun fi mata wuni tsawo. Ta wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Ta kwashe kofunan tangaran daga kan tebur ta sa a kabad, sai kunya ta kama ta, ta mayar da su. Bree ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Kowace mota ta gifta sai Narelle ta leƙa ta taga.

Huɗu da minti biyar motar asibiti ta tsaya. Kelvin ya sauko a hankali da sandarsa, yana jan ƙafar dama. Ransa fari ƙal, ga alama motsa jikin ya yi kyau. Ya ɗaga mata hannun dama har kafaɗa don ta gani.

“Guntu,” ya ce, sunan da yake kiranta tun tana yarinya. “Duba.”

Ba ta bari ya zauna ba. A bakin ƙofar kicin ta gaya masa duka, ba ta rage komai ba. Yana saurare, murmushin yana janyewa daga fuskarsa kaɗan-kaɗan. Ya wuce ta ya zauna gaban kwamfutar. Da yatsa ɗaya na hagu yake buga lambar. Ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Narelle ta juya baya don kada ta ga abin da yake bugawa. A karo na uku ya shiga.

Wasan ya buɗe da kiɗansa, ya rubuta: “Barka da zuwa, sabon direba. Rubuta sunanka.”

Narelle tana jiran kofi ya tashi sama. Kelvin ya daɗe yana kallon rubutun. Sannan ya dafa tebur ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya fita ta ƙofar baya. Ko hula bai ɗauka ba.

Ta ɗauka rumfar kayan aiki ya shiga ya huce, ta ba shi minti goma. Da ta leƙa, babu kowa, ƙyauren baya a buɗe. Nan ne tsoron gaske ya shige ta, don likita ya sha gaya mata zafi irin wannan yana iya sake kayar da shi.

“Ku kira ni in ya dawo!” ta ce da yaran, ta fizgi makullin mota da gorar ruwa.

Ta bi layinsu a hankali tana leƙa kowane lungu. Kwalta tana tururi, ba kowa a waje. Ta duba wajen tsohuwar tashar jirgi, ta duba gindin itatuwan filin ƙwallo. Sai can bakin babbar hanya ta hango shi, zaune a kan benci a inuwar gidan mai, rigarsa sharkaf, fuskarsa ja wur. Wata tirelar tumaki tana shan mai, shi kuma yana kallonta.

Ta miƙa masa ruwan. Ya ƙi karɓa. Ta zauna a ƙarshen bencin.

“Kel, ka sha, sannan ka zage ni. In ka faɗi a nan ba zan iya ɗaga ka ba, ka san nauyinka.”

Ya karɓa ya sha rabi, ya zuba sauran a kansa.

“Zan nemo maka su,” ta ce. “In ma ba su samu ba, zan zauna da kai mu sake…”

Ya buga sandar a ƙasa. Bakinsa yana motsi, kalmar ta ƙi fita. A gida da tuni ta ƙarasa masa. Wannan karon ta kama bakinta ta jira, har tirelar ta gama shan mai ta tashi.

“Ba… motoci ba,” ya ce. “Ba ki… tambaye ni ba.”

“Na san za ka ce a'a.”

“To… in ce mana!” Muryarsa ta fashe. “Ina nan. Ban mutu ba.”

Narelle ta sunkuyar da kai. “Gaskiyarka,” ta ce. “Na yi laifi, Kel.”

Bai ce ya yafe ba. Amma da ta buɗe masa ƙofar mota, ya shiga.

A gida ya sha maganinsa, ya sake buga lambarsa, ya ja kujerarsa gefe ya nuna mata linzamin kwamfutar da haɓa. Ta zauna. Duk jakar ajiyar da za ta buɗe a cikin kwamfutar sai ta dube shi tukuna, sai ya gyaɗa kai. Wurin da wasan ke ajiya wayam yake. Ashe gogewa ta danna. Sun kusan awa guda suna lalube kafin su ci karo da wata jaka da wasan ya ajiye da kansa lokacin da aka sabunta shi a watan Nuwamba. Ta kwafe ta zuwa wurin, ta buɗe wasan.

Korayen tireloli suka jeru a allo. Kelvin ya ƙirga da yatsa. Goma sha ɗaya. Uku sun tafi, tare da sabon garejin da ya kwashe wata biyu yana ginawa.

“Uku,” ya ce, yana nuna mata yatsu.

“Na gani.”

Sati biyu ya yi ba ya mata magana sai ta dole. Wasan dai ya bar shi a asusun kowa, da sharaɗin da shi ya gindaya: ba mai taɓa sitiyari sai ya wanke hannu. Bree, wadda ta fi kowa kuka a kan wasan, kwana tara ta yi ta gaji ta koma kallon bidiyon dawakai. Tahlia ce ta nace. Kelvin yakan zauna a bayanta yana tsaki in ta yi ribas ta taka shinge, wani lokaci har jimla guda takan fito masa cif ba tare da ya lura ba.

Narelle tana nan tana jan motarta. Tahlia ta shekara sha bakwai yanzu, ta ce in ta gama makaranta lasin babbar mota za ta nema. Narelle ta ce sai dai bayan ranta, Kelvin ya goyi bayan yarinyar, kuma har yau ba a gama wannan gardamar ba.