Layin Sanusi da layina

"Kai Sanusi, ɓatan layi ka yi ne?"

Haka na tambayi ɗana ranar zaɓen kansila a unguwar Magajiya, zamanin da ake jeruwa bayan hoton ɗan takara. Na sha rubutawa a littafin da nake ajiye tunanina cewa samarin zamani ƙwallo kawai suka sani. Sai ga shi a layin abokan hamayya, dab da namu, maƙwabta suna kallona.

Ya sunkuyar da kai. "Yi haƙuri Baba, nan ne layina."

Da rana ta take, ya miƙo hannu ya riƙe mini lema har aka gama ƙirge, amma ƙafarsa ba ta gusa ba.

Da ku ne, me za ku ce masa?