Injin Ban-ruwa a Faifan Baba Ɗanjuma

Har gobe ban manta da Larabar da manaja ya kira ni ofis a kan Baba Ɗanjuma mai jita ba. Ku da kuka zo gidan rediyon nan daga baya ba ku san shi ba. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Bunkure. Ya yi tashe da kiɗan rok a otal-otal ɗin Kano yana saurayi, da girma ya zo ya dawo gida ya kama noman shinkafa. A gida ya yi faifai huɗu, babu tashar da ta taɓa sa ko ɗaya. Lokacin ni ke kula da ma'ajiyar waƙoƙi, duk abin da za a sa sai ya bi ta hannuna.

Labari ya zo mana cewa jikinsa ya tsananta. Manaja ya ba ni rabin awa ranar Juma'a, ya ce in zuba tsofaffin waƙoƙinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗancan ne suka sa har yau ake ce masa ɗan otal. Shekara da shekaru roƙonsa ɗaya ne, a ji na gida." Ya ce to, in zaɓi faifai ɗaya.

Na zauna na saurare su duka. Na farko ƙuruciyarsa yake kwaikwaya. Na biyu 'yan situdiyo sun danne jitar da kiɗan kwamfuta, na huɗu kuwa murya ta riga ta tafi. Na ukun ne ya kama ni. Sai dai a bakin gona aka ɗauke shi, injin ban-ruwa na ta bugawa a baya, tuf-tuf-tuf. Dokarmu kuwa ba a sa sauti mai ƙara. Na sa injiniya ya goge ƙarar tas, na hau babur na kai wa Baba Ɗanjuma, ina ta jin kaina.

Na same shi kwance a tabarma, matarsa Inna Saratu na yi masa fifita. Na kunna. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya ɗaga hannu.

"Ɗana, ina mai gangata?"

"Baba, ai babu ganga a faifan nan."

Inna Saratu ta ce, "Injin yake nufi. Tun da Audu mai gangarsa ya rasu, bugun injin yake bi da jitar."

Wallahi kunya ta rufe ni. Ni da na je neman yabo, ashe abokin kiɗansa na cire.

Na koma wajen manaja na ce da injinsa za a sa. Ya ce in masu sauraro suka yi ƙorafi, takardar tuhuma ce za ta same ni. Na ce ya rubuta ta tun yanzu, zan sa hannu.

Ranar Juma'a bayan La'asar na saki asalin faifan yadda yake. Wanda ya fara kira wani manomi ne daga Kura. "Malam, na kashe injina don in ji waƙa, sai ga wani injin a rediyo! Wai wannan ɗan otal ɗin ne? Ai namu ne. A ƙara mana!"

Washegari Inna Saratu ta aiko mini cewa ya saurara har ƙarshe, yana buga tabarma da yatsa ɗaya. Kwana tara bayan nan ya rasu.

Tun daga ranar, ba na goge komai a aikin mutum sai na je na tambaye shi mene ne. Ku ma in kun ji ƙara a faifai, ku fara tambaya.