Turken da ya hana Kawu Sale shuka gyaɗa

"Malam, bar kewaye-kewaye, ganga nawa za a samu?"

Tambayar da Kawuna Sale ya yi wa wani masanin ƙasa ke nan a Kunduru, lokacin da kuɗin fetur suka fara ruɗa mutane. Ina malamin firamare, ni ke fassara.

Mutumin ya kafa turken ƙarfe a gonar Kawu ya yi awonsa, sannan ya tara mu yana bayanin girgizar ƙasa. Ya ce da wuya ta faru a nan, amma in an ji motsi a fita fili, a nisanci bango da rumbu.

Ya ce, "Baba, motsin ƙasa nake nazari. Wallahi babu mai a gonarka."

Kawu ya ƙyafta mini ido. "Ka ji ko? Haka suke cewa in sun gani."

Damina ta sauka, kowa ya shuka gyaɗa ban da shi. Ya kewaye turken da ƙaya, ya dasa kujera yana jiran gwamnati. Har Alhaji aka fara ce masa, yana amsawa! A waccan shekarar daga rumbunmu iyalinsa suka ci tuwo.

Jiya, bayan shekaru masu yawa, jikansa, mai digiri guda, ya ja ni gefe yana raɗa: wai na tuna daidai inda turken yake?

Zancen nisantar bango kuwa, ko mutum ɗaya bai riƙe ba. Ku ma akwai mai gadin turke a danginku, ko mu kaɗai aka jarabta?