Littattafan da Aka Ɗinke da Zaren Taru

A shekarun da na yi ina koyarwa a wata firamare ta bakin ruwa kusa da Wara, ni ke riƙe da littattafan karatu. Ba su da yawa, kuma ba mu da kabad. Sai na samo kwandunan kifi guda uku, na wanke, na shanya, na raba littattafan a ciki. Na farko na masu haɗa baƙi. Na biyu na waɗanda bakinsu ya fara sakewa. Na uku na masu karatu ba gargada.

Dokata ɗaya ce. Yaro ya tsaya gabana, ya buɗe shafi, ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya yi tuntuɓe sai in lanƙwashe yatsa. In yatsun hannuna suka ƙare shafi bai ƙare ba, littafin ya fi ƙarfinsa, ya koma kwandon baya. Ba na duba aji, ba na duba ɗan wane ne.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, ɗiyar wani masunci. A gidansu yaren Gunganci ake yi, kuma duk lokacin da kifi ya samu sai ta ɓace tana taya innarta banda. Da na gwada ta, yatsuna sun ƙare tun tana tsakiyar shafi. Na miƙa mata na kwandon farko, siriri, mai hoton akuya a baya.

Washegari sai ga ubanta a ƙofar aji, ya riƙo littafin da yatsu biyu.

"Malam, wannan mi ne?"

"Littafi ne, Baba."

"Wannan warangi ne. Shekara biyar tana zarya nan, abin da ta samu ke nan? Ɗan ƙanena ajinsu guda, nashi in ka jefi kare da shi sai ya kwanta. Jiya a bakin ruwa har ce mini aka yi in saka nata a ƙugiya."

Warangi su ne ƙananan kifin da ake shanyawa a ƙasa. Mutanen nan da tafin hannu suke auna komai, abin da bai da nauyi bai da daraja. Na yi masa bayanin kwanduna, ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ko in ba ta babba, ko daga Litinin ta zauna wajen banda, can aƙalla ana ganin abin da mutum ya yi. Na ce ba zan ba ta ba. Ya ajiye littafin a kan tebur ya tafi.

Ƙarshen makon nan ban iya zama ba. Na koma makaranta ba aiki, na share ajin da aka riga aka share. Na ɗauko babban littafi, na mayar, na sake ɗaukowa. Na san abin da zai faru in na ba ta, don na sha gani: za ta yi ta yawo da shi a ka, ba ta wuce shafin farko ba, daga nan ta tsani karatu. In kuma na hana, ta tafi ke nan. Da na dawo gida ina ta kai-kawo, maiɗakina ta ce, "Malam, ka zauna mana, ka hana kaji ma sakat."

Na kuma komawa makaranta. Ina sake jera kwandon farko, daga mai sauƙi zuwa mai ɗan wuya, sai na ga tarin da ke hannuna ya kai kaurin babban littafi. Na yanko kwali na yi masa bango, na nufi bakin ruwa. Na sami uban yarinyar ƙarƙashin bishiya yana gyaran taru.

Ban ɓoye masa komai ba. Na ce ƙanana ne, amma in ta bi su a jere, na ƙasa shi ne ƙofar kwando na biyu. Na roƙe shi ya ɗinke su wuri guda, don ni ban da hannun ɗinki, shi yana da shi. Ya ɗora tarin a tafinsa ya jijjiga.

"Wato warangi za ka tara mini ka ce giwan ruwa?"

"Warangi ne, Baba. Amma kwando cike."

Ya yi dariya, ya jawo basilla. Sai ya fara jera su yadda ya ga dama, mai faɗi a ƙasa, ƙarami a sama. Na riƙe hannunsa na mayar da kowanne wurinsa. Ya sake sauyawa, na sake mayarwa.

"Kai Malam, ko taru ba a yi mishi wannan tsanani."

A ƙarshe ya ɗinke yadda na jera, ya ƙulle da ƙullin masunta. Ya ce duk wanda ta gama sai ta karanta masa a nan bakin ruwa, inda masu dariyar za su ji.

Ranar Litinin ta zo. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don kwandon farko ya yi giɓi, 'yan aji biyu suna karɓa-karɓa, kuma kullum ina tunanin na karya tsarina da hannuna.

Wajen faɗuwar damina ta kai na ƙasa. Na tsayar da ita ta karanta, shafi ya ƙare da sauran yatsu a miƙe. Na aika wa ubanta ya zo ya yanke zaren, don ƙananan yara na jiran littattafan. Ya ƙi sa wuƙa. Ya zauna a bakin ƙofa ya kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe zarensa ya sa aljihu. Na ɗauko na kwando na biyu na ba shi. Ya auna a tafinsa.

"Har yanzu bai kai ba," in ji shi, ya miƙa mata.