Muryar da Yaya Ya Ciro Daga Faifai

Yayana ne, amma a gidanmu Kusu ake ce masa, domin tun yana ƙarami babu rediyon da bai shiga cikinsa ba. Babanmu tela ne. Ranar da ya tarar an warware masa keken ɗinki an jera ƙusoshin a faranti, bai dake shi ba. Ya kai shi wurin wani mai buga takardu a bakin titi, ya ce, "Ga shi nan, ya ɓata naka ya bar mini nawa."

A nan ya fara taɓa kwamfuta. Daga buga wasiƙun neman aiki ya koma gyara, ya yi karatu, wani kamfanin inshora ya ɗauke shi. Shekara takwas ya yi a ɗakin ƙasa tsakanin na'urori masu ƙugi, kullum da rigar sanyi ko ana zafi a waje. Da matarsa, wadda nas ce, ta sami aiki a ƙasar waje, ya bi ta. Can ma ya yi wa wasu aiki shekara biyu, sai ya ce ya gaji da neman izini kafin ya ɗauko 'yarsa daga makaranta. Ya kama ɗaki a saman wani shagon wanki, ya fara cin gashin kansa. Aikinsa shi ne ciro hotuna da takardun da suka maƙale a kwamfuta ko wayar da ta mutu.

Abin da ya faru a ɗakin nan, da bakinsa ya ba ni lokacin da na je musu hutu.

Wata Talata da hantsi wata tsohuwa ta hau benen da kwamfuta a cikin jakar kasuwa. Ta ɗanta ce, ya rasu bara. Ruwa ya shige ta, an cire batirin tuntuni. Yaya ya jawo mata kujerar roba, sai kawai ya fasa, ya je lungu ya ɗauko mai hannu wadda yake tara wayoyi a kai.

"Zauna nan, Mama."

"Muryarsa nake so," in ji ta. "Yana yawan naɗar magana in yana aiki."

Ta tafi. Ya zare faifan ajiyar, ya haɗa da tasa na'urar. Kafin la'asar ya ciro fayil arba'in da ɗaya, duk na murya. Yana buɗe kowanne kaɗan don ya tabbata bai lalace ba. Namiji ne mai sanyin magana, yana tuna wa kansa maganin mahaifiyarsa da ranar ganin likita.

Na ƙarshen yana ɗauke da kwanan watan wannan Talatar. Yaya bai damu ba, agogon kwamfuta yakan rikice. Ya sa abin sauraro a kunne. Da farko ƙarar injin wanki ya ji, irin wadda ke tasowa ta ƙasan ɗakinsa. Sai kukan ƙofarsa. Sai ƙarar kujerar roba da ake ja. Daga nan muryar nan mai sanyi, kusa ƙwarai, ta ce, "Ba wannan ba. Ba ta mai hannu, gwiwarta na ciwo."

Sai ya ji muryar kansa a cikin naɗin tana cewa, "Zauna nan, Mama."

Ya ce mini rana na kan teburinsa, motoci na wucewa a ƙasa, amma gashin hannunsa duk ya miƙe. Ya juya kwamfutar, ramin batirin wayam. Ya sauka ya tsaya wurin matar da ke da shagon wankin kusan awa guda, yana taya ta ninke zannuwan gado ba tare da ta roƙe shi ba.

Na ce, "Yaya, ka goge shi?"

"Ba nawa ba ne da zan goge."

Washegari tsohuwar ta dawo. Ya faɗa mata gaskiya, ya kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan gwiwa. Ba ta firgita ba.

"Haka yake," ta ce. "Sa ido gare shi." Ta dubi Yaya. "Ɗana, ƙara mini sautin kaɗan."

Sau uku ta ji, ta yi masa addu'a, ta sauka a hankali tana riƙe da ƙarfen bene.

Matar Yaya ta ce gajiya ce, ya rage shan kofi. Shi kuwa ya nuna wa wani tsohon abokin aikinsa fayil ɗin, suka bincike shi ciki da bai, ba su sami inda aka yi masa dabara ba. Yaya yana nan a ɗakin har yanzu, aiki ya ƙaru har yana mayar da wasu. Sai dai in aka kawo masa kayan mamaci, yakan yi sallama kafin ya kwance ƙusa ta farko, kuma ya bar ƙofa a buɗe har ya gama.