Babin da Metir Buba ya ce in gwada

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Metir Buba ya rasu.

Yau da safe ina ɗaure jakar kyamara a bayan moto, wato babur ɗina, zan tafi ɗaukar wani suna a Yelwa, sai ga kiran babban ɗansa. Ya ce, "Nasiru, Baba ya cika bayan sallar asuba. Ƙarfe goma za a yi jana'iza." Na zauna a bakin kwata da jakar a cinya, ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba.

Mun kai shi, mun dawo. Tun ɗazu nake ganin kuna saka hotonsa kuna yabo, kuma duk abin da kuka faɗa gaskiya ne. Ni nawa rubutun ba zai yi daɗi kamar naku ba. Akwai abin da na ɓoye shekara ɗaya da wani abu, kuma kunyarsa ta hana ni ɗaga kai a maƙabarta.

Ga waɗanda ba su san shi ba: malamin firamare ne, ya daɗe yana koyarwa a Gidar, da ya yi ritaya ya dawo gidansu a nan Garwa. Shi ya sa kowa ke ce masa Metir, wato malamin makaranta da Faransanci, har limamin unguwarsu.

Mu masu ɗaukar biki da suna, yawancinmu da wata manhajar gyaran bidiyo ta kyauta muke aiki. Masu sa kai ne a ƙasashe daban-daban suke gina ta, kuma har yau ba su gama ba. Kowane 'yan watanni sai su fitar da sabuwa. Maɓallin da ka saba gani a dama, ka wayi gari ya koma hagu, ko ya canza suna, ko ya ɓace gaba ɗaya. Bayanin yadda ake amfani da ita kuwa da Turanci yake, sai ɗan Faransanci rabi da rabi.

Metir ne ya zauna ya rubuta mana jagora da Hausa, babi babi, da hotunan allo da kibiyoyi ja. Ba wanda ya sa shi. Ya fara ne don ya gyara bidiyon saukar jikarsa, ya sha wuya, ya ce ba zai bar na bayansa su sha irinta ba.

Idan sabuwar manhaja ta fito, mu murna muke yi. Shi kuwa aiki ne ya dawo masa sabo, sai ya sake bin shafukan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar hotuna. Na taɓa ce masa, "Metir, ka bari su gama mana, sannan ka rubuta sau ɗaya ka huta." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Su masu biki za su jira a gama?"

Layin da ake jera guntayen bidiyo a kai, shi ya sa masa suna igiyar shanya. Mun yi ta dariya a guruf ɗinmu na waya, har wani ya tambaye shi ina sabulun. Yau daga Garwa har Marwa ba wanda ke kiransa da wani suna.

Duk jimlar da ya rubuta sai ya karanta wa matarsa, Dada Hawwa, wadda ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. In ta ce ba ta gane ba, ya goge. Wata rana na same su a tsakar gida tana tsintar shinkafa tana ce masa, "Malam, wannan kai kaɗai ka san abin da kake nufi." Ya ce, "To, dakor, na yarda, a sake."

Ni a hannunsa na koya. Lokacin ban da kwamfuta, tasa yake ba ni, ya koma gefe da carbi, ba ya cewa komai sai na yi kuskure sau uku. Ranar da na haɗa bidiyona na farko sauti ya riga hoto, amarya tana magana da muryar kawunta, bai yi dariya a gabana ba. Daga baya Dada ta gaya mini ɗaki ya shiga ya yi ta har da hawaye.

Da na samu sabuwar kwamfuta, tasa ta riga ta tsufa, ba ta iya ɗaukar sababbin fitowar manhajar. Sai muka yi tsari: shi zai rubuta babi a kan wadda yake da ita, ni in bi matakan a kan sabuwa, in gaya masa inda suka saɓa. Wannan ne kawai aikina. A shafin godiya ya rubuta sunana, ya ƙara da cewa ni ne nake gwada kowane babi kafin ya fita. Na yi ta nuna wa mutane shafin nan, ba zan yi ƙarya ba.

To ga abin da ya faru.

Wata Alhamis ya turo mini babi na tara, na yadda ake rage nauyi idan kwamfuta ta cika. Akwai wani maɓalli na tsabtace aiki. A tsohuwar manhaja, ƙananan kwafin da ita kanta take yi don sauƙin aiki kawai yake gogewa, ba ya taɓa ainihin bidiyonka. Haka Metir ya gani, haka ya rubuta: danna, ka amince, babu abin tsoro.

Ya ce in gwada a kan sabuwa kafin Asabar.

A ƙarshen makon nan biki uku gare ni. Na buɗe babin a waya ina tsaye a rana ina jiran motar amarya, na ja shi da yatsa daga sama zuwa ƙasa, na ga hotuna tsaf, kibiyoyi tsaf. Na rubuta masa, "Na gwada, Metir, komai daidai." Ko kunna kwamfutar ban yi ba.

Ya amsa da, "Useko, na gode, Allah ya yi albarka." Ya saki babin.

Ashe a sabuwar manhajar an ƙara wani ɗan akwati a ƙasan tagar, kuma da alamarsa a ciki yake zuwa. Idan ba ka cire alamar ba, duk bidiyon da ba ka riga ka ɗora a igiyar shanya ba, gogewa take yi daga kwamfutar baki ɗaya. Da na danna maɓallin sau ɗaya tak, da na gani. Minti biyu bai kai ba.

Da yawanku kun tuna Rakiya ta Mora, tana guruf ɗin a lokacin. Mutanen ƙauyensu sun gudo cikin gari saboda hare-hare. Ta yi makonni tana zaunar da mahaifinta a gaban kyamara yana ba da labarin ƙauyen: inda rijiya take, gonar wane ke iyaka da ta wane, waɗanda aka binne a ina. Tsohon ya rasu bayan nan da kaɗan. Katin kyamarar ta riga ta share shi ta yi wani aiki da shi, komai yana cikin kwamfuta. Ta fara haɗawa ke nan wuri ya cika mata, ta buɗe babi na tara, ta bi shi yadda aka rubuta.

Saƙon muryar da ta turo guruf har yanzu yana kunnena. Ba ta zagi kowa ba. Cewa kawai take yi, "Metir, ka ce babu abin tsoro. Ka ce babu abin tsoro. Ina Babana?"

Guruf ya kama da wuta. Wani ya ce tsoho ya koma ya riƙe alli. Wani ya ce wanda bai iya ba ya daina koyar da mutane. Waɗanda jiya suke roƙonsa ya duba musu aiki, su ne a gaba.

Ina riƙe da waya ina jira ya ce, "Nasiru ne ya ce ya gwada." Yana da saƙona a hannunsa, hoton allo ɗaya ya ishe shi, shi da ɗaukar hoton allo ne aikinsa.

Abin da ya rubuta shi ne: "Ni na rubuta, ni na saki. Kuskurena ne. Rakiya, kashe kwamfutar, kada ki ƙara saka komai a ciki, ina zuwa."

Da na tsaya a yin shiru ma da sauƙi. Amma don kada shiruna ya jawo ido, sai na sa baki. Na rubuta, "Allah ya kyauta. Gaskiya ya kamata a riƙa gwada abu sosai kafin a sake shi." Mutum huɗu suka danna mini alamar yabo.

Ni na rubuta wannan, da yatsana, a ƙarƙashin saƙonsa.

Washegari ya kira ni. Na ce a raina yau za a yi ta. Sai ya ce, "Ko za ka raka ni Mora? Idonka ya fi nawa." Na ce ina da biki. Gaskiya ne ina da shi, amma da babu ma da na ƙirƙiro, don ba zan iya zama kusa da shi a mota tsawon hanyar nan ba.

Shi kaɗai ya tafi, da ciwon gwiwarsa, a hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Kwana uku ya yi yana ƙoƙarin dawo da fayilolin. Abin da ya samu bai wuce muryar tsohon ta 'yan mintuna ba, babu hoto. Rakiya ta karɓa, ta fita daga guruf, kuma ba ta sake ɗaga kiransa ba. Dada ta ce da ya dawo sai da ya yi sati ba ya cin abincin kirki.

Ya gyara babin, ya sa gargaɗi da jan rubutu a samansa. Ya rubuta wa masu gina manhajar da ɗan Turancinsa na ƙamus har suka cire alamar daga akwatin. Sunana kuwa bai taɓa shi ba a shafin godiya. Ku je ku duba, yana nan, da jimlarsa.

Daga nan na fara guje masa. In na hango hularsa a masallacin Juma'a sai in bi ta wata ƙofa. Babi biyu da ya turo bayan nan na ce kwamfutata tana wurin gyara. Bai taɓa tambayata wane mai gyara ne wannan da ba ya gamawa ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku ke nan. Na biyo ta layinsu da la'asar ba da niyya ba, yana zaune a gindin dogon yaro, babu hanyar kaucewa. Ya rame, amma muryar tana nan, ya gaishe ni da Fulatanci. "Jam na, ɗan fim? Ka yi tsada." Ya sa aka kawo mini kunu. Muka yi hirar zafi, da wutar da ake ɗaukewa, da yadda kogin Binuwai ya ja baya bana.

Sau biyu na buɗe baki zan faɗa, sau biyu na cika shi da kunu.

Da zan tashi ya ce ya gama babi na sha huɗu, na yadda ake ajiye kwafin aiki a wuri biyu, zai turo mini. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Wannan karon ka bi shi da hannu, Nasiru. Ido yana gaggawa."

Wannan karon. Ashe tun ranar farko ya sani. Dole ya sani, ai duk wanda ya danna maɓallin nan zai ga akwatin. Ya buɗe mini ƙofa a hankali don in shiga in ce ka yafe mini, ni kuma na ce, "To, Metir, insha Allah," na hau moto.

Babin ya shigo wayata a yammacin ranar. Ban buɗe ba.

Yau da muka dawo daga maƙabarta na kunna kwamfuta, na buɗe shi, na bi shi da hannu, mataki mataki. Na ɗaya daidai, na biyu daidai, har na biyar. A na shida an sake matsar da maɓallin, ya bar inda kibiyarsa take nunawa. Wallahi sai da na ɗauki waya na nemo sunansa zan gaya masa, kafin na tuna daga inda na dawo.

Zan gyara matakin, zan saki babin da sunansa shi kaɗai. Nawa kuma zan cire shi daga shafin godiya, sai ranar da na bi duk babin sha huɗun da hannuna.

Ku da kuka faɗa masa magana a ranar, ni ya kamata ku faɗa wa. Ga ni, kuma ba zan goge komai a ƙarƙashin rubutun nan ba.

Rakiya, ban san ko wannan zai iso gare ki ba. Metir bai yi sakaci da amanarki ba. Ya ba da babin a gwada, aka ce masa an gwada. Ni ne na ce. Fuskar mahaifinki a hannuna ta salwanta, shi kuma ya ɗauki laifin ya tafi da shi har kabari bai ambaci sunana ba. Ban isa in ce ki yafe mini ba. Shi nake roƙa wa.

Ya Allah, ga bawanka Buba ya zo gare ka. Ya rufa mini asiri alhali ban cancanta ba, ka rufa masa nasa. Ka yalwata kabarinsa, ka sa kowane shafi da ya rubuta ya zame masa haske, ka ba Dada Hawwa da 'ya'yansa haƙuri. Ka jiƙan mahaifin Rakiya.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a da bakinsa, kada ya danna alama kawai ya wuce. Wanda kuma yake da hanyar Rakiya a Mora, ya tura mata rubutun nan gaba ɗayansa, kada ya yanke inda sunana yake.