Ranar Da Na Tare Mota Da Sanda

Ranar wata Laraba da hantsi, a kakar shekarar da motocin gyaɗa suka fara bi ta ƙasar Dutse, na tsaya a tsakiyar hanya, sandata a sama, ina daka wa mota tsawa ta koma. Shekarata tara. A bayana akwai maruƙa huɗu da nake korawa mashaya, a gabana kuma wani abu ne baƙi ƙirin ya ɓullo daga bayan dutse yana ruri, buhuna sun yi masa tozo. Ko taku ɗaya ban ja da baya ba. Duk wanda ya ji labarin nan yau sai ya ce yarinyar ba ta da hankali. Da hankalina sarai, abin da aka koya mini ne na bi.

Mu Fulanin zaune ne, muna noman gero da dawa, muna da 'yan shanunmu a bayan gida. Aikina kullum shi ne in kwance maruƙa daga dangwali bayan an gama tatsa, in share kashin shanu, in kai su ruwa, sannan in an ga dama a bar ni in je carabke da ƙawayena. Wanda ya koya mini kiwo shi ne kakana na wajen uba, muna ce masa Baba Tsoho, dogon mutum mai tsinin gemu. Ni yake kira matarsa, ni kuwa in ce ba na auren mai haƙori uku. Ya yi suna a karkararmu wajen tare bijimi. In sa ya ƙwace a kasuwa kowa ya watse, shi sai ya sha gabansa ya tsaya cik, ya ɗaga sanda, ya yi tsawa guda, san ya kauce. Tun muna tatata yake cusa mana wannan. "Ba a ba sa baya," in ji shi, "mai gudu shi ake bi." Na taɓa gudun wata saniya mai jego, ya kwana biyu yana kirana matar farar kura. Daga ranar na rantse ba zai ƙara ganin bayana ba.

Hanyar motar kuwa da hannun iyayenmu aka yi ta. An ɗebi maza aikin tilas, babana ya yi wata guda yana ɗaukar tsakuwa a kwando har tsakiyar kansa ta saɓule. Da aka gama, sai ga ta ta raba burtalinmu biyu, gida a wannan gefe, mashaya da makiyaya a wancan, kuma daidai inda take lanƙwasa ta gangaro daga bayan wani babban dutse. Ba wanda ya ga aibin haka. Mata suka samu wurin shanya kuɓewa da barkono, mu kuma muka samu filin gaɗa. Mota takan yi kwanaki ba ta wuce ba, in ta taho kuwa tun daga nesa muke ɓuya cikin dawa. Amma da kaka ta yi, aka fara jigilar gyaɗa zuwa Kano, sai labarai suka fara biyo fatake: an take wata tsohuwa mai nauyin ji, an buge yaro yana bin akuyarsa, an banke wani dattijo yana kora jakinsa ranar kasuwa. Kullum dai yaro ne ko tsoho, kullum a ƙafa suke. Manya su ce ƙaddara, su shafa fatiha. Innata ce kaɗai ta kasa sukuni, ko ƙarar niƙa ta ji sai ta leƙo ta ƙirga mu.

To, a ranar nan dawa an girbe ta, babu wurin ɓuya, kuma maruƙan sun riga sun hau hanya. Na ce a raina in na gudu za ta bi su, ko ta bi ni. Direba yana ta matsa ƙahonsa na roba, ni kuwa na ɗauka kukanta ne, na ƙara ɗaga murya. Ina jiran ta sunkuyar da kai ta kauce, ba ta kauce ba. Baba Tsoho yana tafe a baya da manyan shanu. Ban ga tahowarsa ba, na dai ji an fizge ni an wurgar cikin ƙaya, sai wani sauti kamar an sare icce ɗanye. Da na ɗago, motar ta wuce da nisa kafin ta iya tsayawa, maruƙa sun watse, shi kuma yana kwance a bakin hanya, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

Direban mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta da yawa. Ya dawo da gudu yana nuna gangaren, yana nuna kayan, yana cewa birki bai kama ba, ya roƙa a bar shi ya kai tsohon wurin likita a Kano. Babana ya ce abin da ya karya shi ba zai ɗauke shi ba. Aka ciro ƙyauren zaure aka ɗora shi, maza huɗu suka ɗauka, mata na hango su suka ɗauka makara ce suka fasa kuka. Mai ɗori ya zo ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure, ya ce cinya ce ta karye kusa da ƙugu, kuma ƙashin tsoho sai addu'a. Zazzaɓi ya rufe shi kwana da kwanaki. Ni ba wanda ya dake ni, ba wanda ya ce mini uffan, kuma wallahi da dukan aka yi da ya fi mini sauƙi. Na daina cin abinci. Nakan laɓe a jikin danga ina sauraron numfashinsa, in ya yi shiru sai in ce shi ke nan na kashe kakana.

Ranar da ya fara shan kunu ya ce a kira masa matarsa. Na shiga ina kuka, na durƙusa nesa da shi.

"Matso mana, ko kin sake ni ne don na gurgunce?" in ji shi.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Ke kin yi daidai, ni ne na yi kuskure. Sa yana da ido, yana da tsoro, shi ya sa yake kaucewa. Wannan abin ba shi da ko ɗaya. Na koya miki abin da na sani, sai abin da ban sani ba ya zo."

Ya rayu, amma ƙafar ta ɗoru a gajarce, daga ɗaki zuwa gindin tsamiyar ƙofar gida sai an riƙe shi. Yana zaune a gindin tsamiyar nan ya matsa wa mai unguwa lamba har aka toshe bakin burtalin da ƙaya, aka mai da mahaya can gaba inda ake hango hanya gabas da yamma. Ya hana shanya, ya hana gaɗa a kan tsakuwa. Mutumin da bai taɓa gudun komai ba, shi ne ya koma tara yara yana cewa, "In kun ji ta, ku ba ta baya, ku bar mata dabbar." Wasu tsaransa suka ce mota ta karya masa zuciya tare da ƙafa. Da la'asar in shanu sun taho daga makiyaya, yakan kira su da sunayensu daga inda yake zaune, Wule da Saye su ɗago kai su amsa daga wancan gefen. Shekara shida ya yi haka, bai sake haye hanyar ba sai ranar da aka kai shi makwancinsa.

Yanzu ina zaune a Takur wurin ɗana. Kwalta ta malale ko'ina, mota da babur ba sa ɗaukewa, yaran makaranta sun san a dubi dama a dubi hagu, ga asibiti kusa. Duk da haka in aka ce an buge wani, kafin a faɗa na san yaro ne ko tsoho, kuma a ƙafa yake. Na sa an kai ni wurin tsohon gidanmu bara, babu tsamiya, babu burtali, na rasa ma inda zan tsaya in yi masa addu'a. Na haifi tara, na ga jikoki da tattaɓa kunne, kuma dukkanmu a kan ƙafa ɗaya ta tsohon nan muke tafiya.